Blender, Maya ko Blockbench: da wace manhaja sabon mai haɗa wasan kwamfuta zai fara ƙera siffofi?

Yawanci ga inda tambayar take tasowa. Ka sauke injin wasa, wato manhajar da ake haɗa wasa a cikinta, Unity ko Godot ko Unreal, ka sha fama har ka samu wani farin akwati yana tafiya idan ka danna maɓalli, yana tsalle, yana karo da bango. Sai ranka ya ce akwatin nan ya isa haka, kana son mutum ya maye gurbinsa, da gida, da bishiya, da keke napep yana wucewa a titi. Injin wasa ba a yi shi don ƙera waɗannan ba. Aikin wata manhaja ce daban, kuma da ka fara bincike sai sunaye su yi maka rubdugu: wannan ya ce Blender, wancan ya ce manyan kamfanoni Maya suke amfani da ita, wani ya nuna maka dodon da aka sassaƙa a ZBrush har da ramukan gashi a fata. Ƙanena ya yi wata biyu cur a wannan mararraba, yana saukewa yana gogewa, bai ƙera ko kujera ɗaya ba. Saboda shi da ire-irensa na zauna na rubuta wannan.

Ma'aunin da za a auna su da shi

Na farko kuɗi, kuma ba farashin yau kaɗai ba. Yawancin manhajojin nan yanzu haya ake ba da su, duk wata ko duk shekara, da dala. Wanda kuɗin shigarsa naira ne ko sefa dole ya tambayi kansa ko zai iya biya baɗi, da baɗin baɗaɗa, domin ranar da hayar ta ƙare manhajar takan rufe, fayilolin da ka tara kuma sai da ita ake buɗe su yadda suke.

Na biyu kwamfutar da ke hannunka yanzu, ba wadda kake burin saya ba. Da yawanmu da laftof ta hannu muke aiki, mai RAM 8GB ko ƙasa, ba katin hoto na daban. A nan ma ake lissafa data da wuta: nauyin abin da za ka sauke, ko manhajar tana neman intanet kafin ta buɗe, da abin da zai faru da aikinka idan aka ɗauke wuta batir kuma ya mutu.

Na uku, wanda na fi ba wa muhimmanci, shi ne hanyar da siffa take bi daga manhajar zuwa cikin wasa. Siffar wasa ba hoton ado ba ce. Injin zai zana ta sau 30 ko 60 a kowace daƙiƙa, watakila a kan ƙaramar wayar Android, don haka dole ta zama mara nauyi. Matakan sanannu ne. Za ka gina jikin da ɗigo da layi da fuska, wato ƙananan faffaɗan ɓangarorin da layukan suke kewayewa. Za ka feɗe shi, wato abin da ake kira UV: kamar yadda mahauci yake feɗe akuya ya shimfiɗa fatar a ƙasa, haka ake yanka jikin siffar a shimfiɗe shi a kan hoto mai faɗi domin a yi masa fenti. Idan abu ne mai motsi za ka sa masa ƙasusuwa, ka koya masa tafiya da gudu. Sannan ka fitar da shi a fayil ɗin da injin yake karantawa, FBX ko glTF. Manhajar da take yin mataki ɗaya kawai, komai kyanta, tana nufin sai ka koyi ta biyu.

Sai sauƙin koyo da yawan darussan da ake samu kyauta, ɗorewar manhajar da ta ilimin da ka zuba a cikinta, da haɗarin da ke tattare da lasisi.

Blender

Kyauta ce, kuma kyautar tana da tarihi. Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan, shi ya ƙirƙire ta. Da kamfaninsa ya durƙushe, sai ya kafa gidauniyar Blender a 2002, masu amfani da manhajar suka yi karo-karo na yuro 100,000 cikin mako bakwai, aka fanshi lambobinta daga hannun masu zuba jari aka sake su a ƙarƙashin lasisin GPL. Ma'anar wannan a gare ka ita ce babu wanda zai wayi gari ya ce daga yau sai ka biya kafin ka buɗe wadda ke kan kwamfutarka. Abin da ka ƙera da ita kuwa naka ne, ka sayar ko ka sa a wasan da za ka sayar, ba ka buƙatar izinin kowa. Manyan kamfanoni ma suna zuba kuɗi a ci gabanta. Epic Games, masu Unreal, sun ba da dala miliyan 1.2 a 2019.

Nauyinta megabait ɗari uku zuwa huɗu ne, ba ta neman rajista, ba ta neman intanet bayan an sauke. Akwai nau'in da ba ya buƙatar a girka shi: ka kwafa a filashi daga wajen aboki, ka buɗe a ko'ina. Sababbin fitowarta suna son RAM 8GB aƙalla da katin hoton da bai tsufa sosai ba. Idan kwamfutarka ta ƙi buɗe su, tsofaffin fitowa duk suna nan a shafinta, kuma fitowar 3.6 tana tafiya a kan na'urori da yawa da fitowar 4 ta fi ƙarfinsu. Ina ba sabon shiga shawara ya ɗauki fitowar da aka rubuta wa LTS, wadda ake gyara kurakuranta tsawon shekara biyu ba tare da an sauya mata fasali ba, don kada maɓallai su riƙa sauya wuri yana tsakiyar koyo. Tana kuma ajiye aikinka da kanta duk minti biyu. Ranar da wuta ta ɗauke mini ina tsakiyar sa wa wani doki ƙasusuwa, wannan ajiyar ce ta mayar mini da aikin yini guda. Ga 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ana iya juya rubutun cikinta zuwa Faransanci.

A ma'auni na uku ne ta yi wa sauran fintinkau, domin duk matakan nan tana yin su a wuri ɗaya: gini, sassaƙa, feɗewa, fenti, ƙasusuwa, motsi, fitarwa. Godot 4 ma tana iya karɓar fayil ɗin Blender kai tsaye muddin manhajar tana kan kwamfutar, ka gyara can ka ga canjin nan.

Wahalarta gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Makon farko kamar an jefa ka kasuwar da ba ka jin yarenta. Manhaja ce ta madannai: G ka ja abu, R ka juya shi, S ka ƙara masa girma ko ka rage, E ka tsiro da sabon sashe daga fuskar da ka zaɓa, Tab ka shiga cikin siffar ka taɓa ɗigoginta. Kafin hannu ya saba sai an yi haƙuri, amma da ya saba sauri ne da ba a samu a neman abu cikin jerin zaɓi. Ka sayi linzamin kwamfuta (mouse) mai ɗan gare a tsakiya, ko mai araha ne, don da shi ake zagaya siffa; yin aikin nan da wurin shafawa na laftof azaba ce. Ka kuma lura da shekarar darasin da kake kallo. A 2019, da fitowar 2.80, an sauya fuskar manhajar gaba ɗaya, saboda haka darasin da ya girmi wannan shekarar zai ruɗa ka kawai. Darasin da ya fi shahara shi ne na Andrew Price, mai tashar Blender Guru, inda ake ƙera donot. Yana da kyau wajen sanin hanyoyin gidan, sai dai hoton ado yake koyarwa, ba kayan wasa ba. Bayansa ka nemi darussan siffofi masu ƙarancin fuskoki.

Ga wani tuntuɓe da kusan kowa yake yi, ni ma na yi. Keke napep ɗin farko da na ƙera, da na shigar da shi Unity sai ya bayyana kwance a kan bayansa, ƙafafu a sama. Dalilin shi ne, cikin layuka uku (X, Y da Z) da ake auna wurin abu da su, a Blender layin Z ne yake nuna sama, a Unity da Godot kuwa layin Y ne. Akwai kuma batun awo: Blender, Unity da Godot da mita suke lissafi, Unreal da santimita, don haka abu yakan iso ƙato ko ɗan mitsitsi idan ba a kula ba. Maganin bai wuce minti ɗaya ba: kafin ka fitar, ka danna Ctrl da A ka tabbatar da juyi da girman siffar, ka duba zaɓin awo da na sama a tagar fitarwa. Wajen Godot glTF ya fi tafiya lami lafiya. FBX mallakar Autodesk ne, shi ya sa Blender takan ɗan yi tangal-tangal da shi wani lokaci, musamman a fayilolin motsi masu sarƙaƙiya.

Inda take da rauni sosai shi ne fenti. Tana yi, amma ba ta kai Substance Painter ta Adobe ba, wadda ƙwararru suke haɗawa da ita. Sabon shiga ba ya buƙatar wannan a shekarar farko. Ƙaramin hoto mai jerin launuka ya isa yi wa gari guda fenti.

Maya da 3ds Max

Duka na Autodesk ne, kamfanin Amurka. Maya ta fito a 1998, Autodesk ta mallake ta a 2006. Sunan da ta yi ba na banza ba ne: a harkar ƙasusuwa da motsin mutane da dabbobi, manyan ɗakunan wasa da na fim sun gina kayan aikinsu a kanta shekaru da yawa, kuma tallan aikin mai motsa siffa a irin waɗannan wurare yakan ambace ta da suna. 3ds Max ta fi ƙarfi a ginin abubuwa masu tauri, gidaje, motoci, makamai, kuma a Windows kaɗai take aiki, alhali Maya tana tafiya a Windows da Mac da Linux. Fitar da FBX daga cikinsu ba ya ba da matsala, tunda kayan gida ne.

Farashin shi ne katanga. Cikakken lasisin kowace ɗaya yana kusan dala 2,000 a shekara, abin da ya haura naira miliyan biyu, kuma tun 2016 kamfanin ya daina sayar da lasisin dindindin. Akwai hanyoyi biyu na sauƙi. Ɗalibin makarantar da aka amince da ita yana samun lasisin shekara guda kyauta, ana sabuntawa muddin yana karatu, amma da sharaɗin ba zai yi kasuwanci da shi ba, wato wasan da za ka sa a Play Store ka ci kuɗi bai halatta da shi ba. Akwai kuma lasisin Indie, dala 300 da 'yan kai a shekara ga wanda abin da yake samu daga wannan sana'a bai kai dala 100,000 ba, sai dai ba a kowace ƙasa ake sayar da shi ba, don haka ka duba ko ƙasarka tana ciki kafin ka ɗora lissafi a kansa. Kayan aro ba ya rufe katara: ka gama makaranta, lasisin ya tafi, fayilolinka na shekara uku suna kallonka.

Nauyin saukewa gigabait ne masu yawa, ana shiga da asusu, kuma lokaci-lokaci sai manhajar ta ga intanet ta tabbatar da lasisi. A kan RAM 8GB tana buɗewa amma da nishi. 16GB ne wurin zamanta. Koyonta bai fi na Blender sauƙi ba, darussan kyauta kuma sun fi ƙaranci.

Dole in taɓa batun kirak, wato manhajar sata da aka fasa makullin lasisinta, tunda na san shi ne abin da ke zuciyar mai karatu da yawa. A shagon gyaran kwamfuta za a girka maka Maya da kuɗin da bai kai na cin abincin rana ba. Na taɓa karɓa a shekarun baya daga wani shago, kuma tare da ita wata cuta ta shigo ta kulle mini fayiloli, har da hotunan iyali da ba ni da kwafinsu a ko'ina. Ban da wannan, abin da ka ƙera da manhajar sata yana iya jawo maka rigima ranar da wasanka ya fara kawo kuɗi ko wani kamfani ya nemi ya saya. A da ana iya cewa babu mafita. Yanzu da manhaja ta kyauta take yin aikin, ɗaukar wannan haɗari ba shi da dalili.

ZBrush da Nomad Sculpt

Waɗannan na sassaƙa ne: ana ba ka curin yumɓu a allo, kana dannawa kana ja kana shafewa kamar maginin tukwane. ZBrush ce sarauniyar fannin. Kamfanin Pixologic ne ya yi ta, Maxon na Jamus ya saye ta a ƙarshen 2021, hayarta kuma wajen dala 400 ce a shekara. Tana ɗaukar miliyoyin fuskoki ba tare da ta dogara da katin hoto ba. Amma abin da ya fito daga cikinta ba ya shiga wasa haka nan. Sai an sake saƙa masa raga, wato saƙar layuka da fuskoki, mara nauyi a kan jikinsa, a feɗe, sannan a kwashe ƙananan zane-zanen na mai nauyin a liƙa su a hoto a kan mara nauyin. Ƙasusuwa da motsi kuma sai a wata manhajar. Tana kuma buƙatar allon zane mai alƙalami, irin na Wacom ko Huion ko XP-Pen, wani kuɗin ke nan. Manhaja ta biyu ce, ba ta farko ba.

Nomad Sculpt tana yin irin wannan aiki a waya ko tablet, biya sau ɗaya, wajen dala 20 ko ƙasa. Ga mai hannun zane da ba shi da kwamfuta tukuna, wuri ne mai kyau na sabawa da siffa ta kowace fuska.

Blockbench da MagicaVoxel

Kada ka raina su don ƙanƙantarsu. Blockbench kyauta ce, an san ta da ƙera dabbobi da kayan wasan Minecraft, amma tana fitar da glTF da OBJ da FBX don kowane injin. Da akwatuna ake gini, fenti a nan cikinta ɗigo-ɗigo, motsi ma a nan. Tana buɗewa a burauza, har a waya, kuma kwamfuta mai RAM 4GB tana ɗaukarta ba gardama. Na ga yaro ɗan sakandare ya ƙera raƙumi a cikinta da la'asar, kafin isha raƙumin yana tafiya a Godot. Wannan saurin ganin sakamako yana riƙe mutum a sana'a fiye da yadda ake zato. Iyakarta ita ce salo: kaya masu kusurwa da fenti mai manyan ɗigogi. Fuska mai laushi ko riga mai naɗi ba aikinta ba ne.

MagicaVoxel ma kyauta ce, ƙarama, kamar jera tubali ake gini da ita. Tana da daɗi wajen gidaje da bishiyoyi, amma ba ta sa ƙasusuwa, kuma abin da take fitarwa yakan zo da fuskoki fiye da kima, sai an rage su a Blender.

SketchUp da Houdini na tsallake su da gangan. Ta farko ta masu zanen gine-gine ce, ragar da take haifarwa ba ta dace da wasa ba. Ta biyu ta ƙwararru ce masu gina birni guda da ƙa'idojin lissafi, ba wurin farawa ba ne.

| Manhaja | Kuɗi | Nauyi a kan kwamfuta | Sauƙin farawa | Tana kai siffa har cikin wasa? | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Blender | Kyauta | Matsakaici, RAM 8GB | Makon farko da wuya | E, duk matakai | Karaya da wuri, tsofaffin darussa |
| Maya | Kusan dala 2,000 a shekara. Indie 300 da ɗoriya | Mai nauyi | Da wuya | E | Ƙarewar lasisi, kirak |
| 3ds Max | Kamar Maya | Mai nauyi, Windows kaɗai | Da wuya | E | Kamar Maya |
| ZBrush | Wajen dala 400 a shekara | RAM mai yawa, da allon zane | Da wuya | A'a | Siffa mai kyau da ba ta shiga wasa |
| Nomad Sculpt | Wajen dala 20, sau ɗaya | Waya ko tablet | Da sauƙi | A'a | Sai an ƙarasa a kwamfuta |
| Blockbench | Kyauta | Mara nauyi ƙwarai | Da sauƙi sosai | E, a salonta | Salo ɗaya tak |
| MagicaVoxel | Kyauta | Mara nauyi | Da sauƙi sosai | Kaya marasa motsi | Fuskoki fiye da kima |

Farashin dala yana motsi daga shekara zuwa shekara, ka duba shafin kamfani ranar da za ka biya.

Wani abu game da ɗorewa da ke kwantar da hankali: abin da kake koya na gaske, yadda ake jera fuskoki a gwiwa don ta lanƙwasa ba ta murɗe ba, inda ake yanka kafin a feɗe, yadda ake rage nauyi ba a ɓata sura ba, duk yana bin ka zuwa kowace manhaja. Wanda ya iya Blender sosai, abin da zai rage masa a Maya shi ne sanin wuraren maɓallai.

Wacce ta dace da wa

Idan kai kaɗai kake haɗa wasanka, ko ku biyu ko uku ne, kuma kwamfutarka tana da RAM 8GB, ɗauki Blender fitowar LTS ka zauna a kanta wata shida ba ka waiwayi wata ba. Fara da akwati, da randa, da kujera 'yar tsuguno, kuma kowanne ka gama ka shigar da shi injin wasa a ranar, ka ga yadda ya tsaya. Idan ka kai ga mutum kuma ƙasusuwa sun gagare ka, Mixamo ta Adobe, wadda ke aiki a intanet, tana sa su kyauta: ka ɗora siffar, ka nuna mata haɓa, wuyan hannu, gwiwar hannu, gwiwa da tsakanin cinyoyi, ta ba ka ita da tafiya da gudu a shirye.

Idan kwamfutarka tsohuwa ce ƙwarai, ko salon akwatuna ya yi maka, ko ƙaramin yaro kake son sa wa hannu, Blockbench ce. Idan waya kaɗai gare ka, Blockbench a burauza don kayan wasa, Nomad Sculpt don hannu ya saba.

Idan burinka aikin albashi ne a babban ɗakin wasa a matsayin mai motsa siffofi, kuma kana da takardar ɗalibta, karɓi lasisin Maya na ɗalibai ka koya, amma ka riƙa fitar da kwafin kowane aiki a FBX kana ajiyewa gefe, wasan da za ka sayar kuma ka yi shi da Blender. 3ds Max sai idan wurin da kake nema ita suka rubuta a tallansu.

Idan kai mai zane ne da fuskokin mutane da dodanni suke burge ka, fara da sashen sassaƙa na Blender da allon zane mai araha. Ranar da kwamfutar ta fara sarewa saboda yawan fuskoki, kuma wani ya fara biyan ka kuɗin aikin, lokacin hayar ZBrush ya yi.

Idan kuwa kai mai rubuta lambobin wasa ne, ƙira ba ta daɗa ka da ƙasa ba, ɗebo kayan wasa da shafin Kenney yake bayarwa kyauta a ƙarƙashin lasisin CC0, wanda ya ba kowa damar amfani da su yadda ya so, ka koyi Blender daidai gwargwadon da za ka iya gyara girma, sauya launi, da ɗora wa mutumin hula.